Hular Kaka da Fitilar Hajiya Iyayi

Bari in fara da abin kunyar da na tafka, tunda ko na ɓoye sai an ba ku labari, kuma masu ba da labarin gishiri za su ƙara masa.

Ranar sadakar ukun Kakana ne. Ƙofar gidanmu a Gumel ta cika maƙil, tabarmi har bakin kwata. Baffa, babban ɗan marigayin, ya tayar da motar Kaka zai kai wasu baƙi tasha, sai ya bar ta a kunne ya shiga cikin gida kiran su. Daidai lokacin hadari ya taso daga gabas, gari ya rufe kamar an kifa masa kwano. Ina tsugune ina zuba wa mutane ruwa a buta, sai kawai fitilun motar nan suka buɗe, fau! Babu kowa a ciki. Kuma hasken bai sauka ko'ina ba sai kan buzun da Kaka yake zama.

Ban san lokacin da na saki jarka na kwarma ihu ba: "Wayyo Allah! Kaka ya dawo!"

Jama'a, ban taɓa sanin tsofaffi suna da gudu ba sai ranar. Wani dattijo da tun kafin a haife ni yake dogara sanda, sai da ya kai bakin masallaci sannan ya tuna ya bar ta a baya. Liman dai bai tashi ba, in faɗi gaskiya, amma na ga ƙafarsa tana laluben takalmi. Baffa ya fito da sauri, ya dubi sama, ya dubi mota, sannan ya damƙi kunnena.

"Kai da ka fi kowa sanin halin motar nan? Kai?"

Gaskiyarsa. Duk garin nan babu wanda ya kai ni sanin cewa motar Kaka da kanta take kunna fitila in gari ya yi duhu. Amma wanda ya ga kakansa yana dariya da azahar, ya kuma zuba masa ƙasa kafin magariba, kada a yi masa hisabi a kan abin da ya fito daga bakinsa.

Da hankali ya dawo jikin mutane, hira ta koma inda take tun ranar da abin ya faru: kowa yana rantsuwa jiya-jiyan nan ya gan shi garau. Wani tsohon direba daga wajen Damagaram, abokinsa tun suna tuƙa kamiyo, kamar yadda su can suke kiran babbar mota, sai tafa hannu yake yana cewa, "A gabana fa! Amsa yake ba ni, ko dariyar bai gama ba." Wani Bafulatani daga rugar bayan Gagarawa ya zo da ƙwaryar nono, ya raɓe can gefe, ya kasa cewa komai sai, "Allah Sarki, mai fitila." Babu wanda ya gane abin da yake nufi sai ni, kuma zan zo kansa. A cikin gida Iya, matar Kaka, da ta ji abin da na yi, sai ta share hawaye ta ce, "Babban mijin ya tafi, ƙaramin da aka bar mini kuma matsoraci. Na shiga uku."

Sauran masu gaisuwa kuwa bakinsu ɗaya: "Mutumin kirki, mai haƙuri." Kirki na yarda. Amma haƙuri? Kaka? Mutumin da ya taɓa yin musu da rediyo har ya juya ta tana kallon bango? In aka bar shi a hannun masu gaisuwa, kafin baɗi zai zama irin kowane mamaci, mai kirki mai haƙuri, ba fuska ba murya. Shi ya sa na zauna rubuta wannan. Sunansa aka sa mini, a hannunsa na tashi, kuma shekaruna goma sha shida ina cinye masa tsire. Ko ba komai ya ci wannan a wurina.

Kaka direba ne tun yana saurayi. Shanu yake ɗauka daga karar Maigatari ya yi kudu da su, ya dawo da goro da manja. Ya ce ya taɓa tuƙi da saniya tana lasar ƙeyarsa tun daga Maigatari har bakin teku, kuma ni na yarda, domin ƙeyar tasa ba gashi. Ba ya shiga mota sai ya zagaya ta ya shuri kowace taya, kamar mai gaisawa da yaran gida. In zafi ya dame shi sai ya cire hula ya wurga ta gaban mota, jikin gilashi, ko kallon inda ta faɗi ba ya yi. Yana da maganganu biyu da ko cikin barci aka tashe ni zan kawo su. Ta farko: "Direba ba shi da lasin da ya wuce idonsa." Ta biyu: "Fitila da rana ta gawa ce." Haka abin yake a wajenmu. In ka ga mota da rana tsaka fitila a kunne tana tafe a hankali, ba sai an faɗa maka ba, mamaci ta ɗauko. Sai ka kauce, ka yi salati, ka roƙa masa rahama ko ba ka san shi ba.

Bayan ya ajiye babbar mota, Baffa ya sayo masa wata ƙarama 'yar Kwatano. Ranar farko ya tuƙo ta da hantsi, ni ina gefensa ina ɗaga wa yaran unguwa hannu kamar ɗan takara. Ya shigar da ita rumfar kwanon da ke ƙofar gida. Bai gama tsayawa ba fitila ta haske bango.

"Takwara, me ka taɓa?"

"Wallahi hannuwana suna cikin aljihu, Kaka."

"Fito da su in gani, ja'iri."

Ya yi baya ya fito cikin rana. Motar ta ɗan yi jim, kamar mai tunani, sannan ta kashe. Ya sake shiga, ta kunna. Ya fito, ta kashe. Haka ya yi ta shiga da fita har maƙwabta suka fito da benci. Iya ta leƙo daga zaure ta ce a kira Liman ya yi mata tofi, domin ba a san wanda ya mutu a cikinta a ƙasar Turawa ba.

Wani mai gyaran wayarin mota da ke bakin tasha ne ya warware mana. Ya nuna wani ɗan baƙin abu a gindin gilashin gaba, bai fi ƙwayar gurjiya ba. Ya ce, "Ga idonta nan, Alhaji. Sama take kallo. In haske ya ragu ta kunna, in ya dawo ta kashe. In ba ka so, ga makunni nan jikin sitiyari, ka murɗa ka karɓe ikon."

Kaka ya sunkuya ya ƙura wa ɗan idon nasa ido, kamar zakaru biyu. Ya ce, "A'a, bar ta. So nake in ga ƙarshen iyayinta." Tun daga ranar sunanta Hajiya Iyayi.

Sai aka shiga gasa. Da yamma in muna tafe ta kunna fitila alhali ladan bai ko yi gyaran murya ba, sai ya buga sitiyari: "Ke wa ya aike ki? Kaji ma ba su shiga akurki ba!" Da asuba in mun fito ta ƙi kashewa sai rana ta leƙo sosai, sai ya ce almubazzara ce, ba ta san zafin batir ba. Wata rana aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya, amma sama fari fes, irin ruwan nan mai haske. Ko motar gabanmu ba ma gani, ita kuwa Hajiya ta yi likimo, ba ta kunna komai ba. Kaka ya murɗa makunni da kansa, fuskarsa kamar an yi masa albishir da kujerar Makka. "Ka gani? Sama take gani, ba ta ganin hanya. Ilimin littafi ke nan." Ya ba da labarin nan a majalisa har sai da mutane suka fara tashi in ya buɗe baki.

Abu ɗaya ya yaba mata tun farko. In muka bi ta ƙarƙashin darbejiyoyin bakin titi, inuwa ta rufe mu ta buɗe, ba ta rawar kai. Sai duhun ya ɗan daɗe take yarda da shi. Ya ce, "Wannan kam ta fi Baffanka. Ba ta yanke hukunci da inuwar bishiya ɗaya."

Babban abin kunyar Hajiya, ko in ce namu, ranar sunan jikar Gwaggo ne a Ɗanzomo. Gwaggo 'yar Kaka ce, can take aure. Iya ba ta je ba, ƙafa ta dame ta. Muna barin Gumel zafi ya taso, Kaka ya cire hula ya wurga gaba kamar kullum. Ashe kan idon ta faɗa. Ita kuwa baiwar Allah ta ɗauka dare ne ya yi, ta kunna fitilunta duka biyu, mu a ciki ba mu sani ba. Ga Kaka dama ba ya gudu, ko mai keke ya matsa sai ya wuce shi.

Sai muka ga motocin da ke zuwa suna sauka gefen titi. Wani ɗan acaɓa ya tsaya cak ya dafe ƙirji. Mai kankana ya miƙe tsaye ya ɗaga hannuwa sama. Kaka ya gyara zama ya ce, "Ka gani, Takwara? Har yanzu an san manya a hanyar nan." Har ɗaga musu hannu yake yi.

Muna shan kwanar gidan suna, Gwaggo tana bakin ƙofa tana rabon waina. Ta ga motar ubanta tana tafe a hankali da fitila da rana tsaka. Ta ga Kaka a sitiyari, ta gan ni a gefe, ba ta ga Iya ba. Sai ta saki faranti ta ɗora hannu a ka.

"Wayyo Iya ta tafi ta bar mu!"

Kafin ka ce kwabo gidan suna ya zama gidan makoki. Maroƙin da ke tsakiyar kirari ya juya shi salati ba tare da ya ja numfashi ba. Kaka ya fito a rikice, kai ba hula, yana tambaya, "Wa ya mutu? Ku faɗa mini, wa ya mutu?"

"Kai za mu tambaya, Baba!"

Wani yaro ne ya ce, "Alhaji, fitilarka a kunne take." Kaka ya zagaya gaba ya duba, ya dawo ya ɗaga hular. Hajiya ta yi jim ɗinta na kullum, sannan ta kashe, kamar ba ita ba. Gwaggo ta zauna a ƙasa tana kuka tana dariya. Da labari ya iso wa Iya kuwa, ba ta ce komai a kan motar ba. Tambayata ta yi ta yi wa ya fi kowa kuka, kuma wace ce ba ta yi ba.

Yanzu in zo kan Bafulatanin nan. Wata la'asar muna dawowa daga Gagarawa, hadari ya haɗo baƙi ƙirin, iska tana tsinke ganye. Kaka bai kai ga miƙa hannu ba Hajiya ta kunna. Hasken ya faɗa kan amalanken shanu a gabanmu, ba fitila ba komai, ga mace da yara a kai sun duƙunƙune cikin zane. Kaka ya taka birki. Maimakon ya wuce su, sai ya bi bayansu da tafiyar shanu, fitila tana haska su.

Na ce, "Kaka, a haka sai babbar sallah za mu isa."

Ya ce, "Tirela ba ta sanin amalanke sai ta taka shi. In ta ga wutata a baya za ta kauce."

Haka muka raka su, manyan motoci suna zuwa suna kauce mana, har suka sauka hanyar rugarsu. Bafulatanin da ke kora shanun ya diro cikin ruwa ya zo zai yi godiya, Kaka ya daka masa tsawa ya koma kafin yara su jiƙe. Da muka ɗau hanya sai na ga ya shafa gaban motar, murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Yau kam kin riga ni gani." Na yi dariya. Ban san ba abin dariya ba ne.

Bayan damina ta ja baya, wata Alhamis muna dawowa daga kasuwar Maigatari, rana tana nan ɗau, har tana ƙona mini hannu ta taga. Sai na ji ya ce, "Yau kuma Hajiya barci take? Duhu ya shigo ba ta kunna ba."

Na fashe da dariya, na zaci tsokana ce. Na juya in rama, sai na ga ya miƙa wuya kan sitiyari yana ƙifta ido. Na daina dariya. Ya gangara gefen titi ya tsaya. Ya daɗe yana kallon ɗan idon nan na gindin gilashi.

"Takwara, ranar tana nan?"

"Tana nan, Kaka."

"Sosai?"

"Sosai."

Ya yi shiru. Ban taɓa jin Kaka ya yi shiru ba, ko a salla ana jin karatunsa daga sahu na uku. Can ya ce, "Ya kwana biyu ina ganin yamma tana saurin yi. Na ɗauka ita ce ta fara lalaci." Sannan ya kama hannuna. "Kada Baffanka ya ji. Dama ya fara maganar a ɗaukar mini direba. In ya ji, ya karɓe makullin nan, na zama buhun gero, sai inda aka ajiye ni."

Na yi masa alkawari, na kuma zama idonsa. In muna tafe ni ne mai shela: "Rami a dama! Akuya a hagu! Mai baro a tsakiya, kuma kurma ne!" Shi kuma yana cewa, "Na gani, ɗan banza," alhali sai na faɗa yake kaucewa. Da farko daɗi nake ji, ni ne kwandasta ni ne madubi, kuma kowace fita da tsirena.

Sai ranar da muka shigo cikin gari ta wajen kasuwa, na sunkuya ina ɗaure igiyar takalmi. Ina ɗagowa na ga wata 'yar yarinya da farantin gyaɗa a ka, tana tsakiyar titi, mu kuma muna tafe kanta kai tsaye.

"Birki!"

Ƙafar Kaka dai ba ta tsufa ba. Motar ta tsaya har gabanta yana taɓa zanen yarinyar. Faranti ya kife, gyaɗa ta watse. Ita ko a jikinta, gyaɗarta take yi wa kuka. Kaka ya juyo ya tambaye ni, "Akuya ce?"

Na ce, "Mutum ce, Kaka."

Ya fita ya lallashe ta, ya saye gyaɗar da ke ƙasa, muka ƙarasa gida. Yana kashe mota na fizge makullin na zura a aljihu.

"Ba ni."

"Ba zan bayar ba. Ko ka faɗa wa Baffa, ko ni in faɗa."

"Ni za ka yi wa sharaɗi? Ni da na yi maka huɗuba?"

"Da ban ɗago ba fa, Kaka? Da wace fitila za a kai ta gidansu?"

Ya ɗaga hannu kamar zai mare ni, sai ya sauke. Ya fita ya shige gida yana laluben bango, abin da ban taɓa lura yana yi ba. Daga ranar ya daina yi mini magana. In yana son ruwa sai ya ce wa Iya, "Ki ce wa ɗan sandan gidan nan ya miƙo buta." Ya ce a canza mini suna, shi ba shi da takwara. Ni kuma makulli yana jikina ko wanka zan shiga. Tsire ya ɗauke. Iya ta yi ta tambaya me ya haɗa mazajenta, ba wanda ya ba ta amsa. Ban faɗa wa Baffa ba, kullum in ce gobe, domin so nake ya fito daga bakin mai shi.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, Baffa ya shigo gaisuwa, Kaka ya ce ya zauna. Ya ce a kira Iya. Sannan, ba tare da ya dube ni ba, ya miƙo tafin hannu wajena. Na tsaya ina wasi-wasi. Ya ce, "Kawo, Takwara." Jin sunan ne ya sa na saka masa.

Ya juya makullin a hannu, ya ce wa Baffa, "Idona ya tafi. Da kai ne ka faɗa mini, sai in ce motar kake so. Da likita ne, sai in ce aljihuna yake hange. Da wannan ɗan banzan ne, sai in ce rashin kunya ce irin tasa. To amma Hajiya ce ta faɗa, ita kuwa ba ta cikin magadana. Na ce duhu, ta ce rana. Na saba kama ta da laifi, wannan karon ita ta kama ni." Ya ajiye makullin a hannun Baffa. "Direba ba shi da lasin da ya wuce idonsa. Nawa ya ƙare."

Iya ta ja mayafi ta rufe fuska. Ni kuma, don kada in yi kuka a gaban mutane, na ce, "To tsiren fa, ya dawo?" Ya jefe ni da takalmi, kuma duk da idon, ya same ni.

An kai shi asibiti, aka ce yanar ido ce ta rufe masa gani, za a iya cirewa, aka sa masa rana bayan girbi. Ya koma kujerar gefe, Baffa yana tuƙi, ni a baya. Kada ku ɗauka ya zama buhun gero. Buhun gero ba ya cewa, "Canza giya, kana kashe ta! Wa ya koya maka tuƙi, mai jaki?" Yana ta lissafin in an buɗe masa ido zai karɓi kayarsa, su ci gaba da shari'a shi da Hajiya daga inda suka tsaya.

Ranar Alhamis ɗin ƙarshe ya ce a kai shi kara ya gaisa da tsofaffin abokai. Lafiyarsa ƙalau, ya ci ɗanwake da safe har ya ƙwace nawa. Bayan azahar yana kan benci a rumfar direbobi, mutumin Damagaram yana tsokanarsa wai mota ta yi masa ritaya. Kaka ya ce, "Ni mota ta fi ni gani, kai kuwa jaki ma ya fi ka." Aka fashe da dariya, shi ma yana yi. Sai ya jingina da kafaɗata. Na ce, "Kaka, nauyi fa." Na sake cewa. Bai ɗago ba.

Muka ruga da shi wani ɗan asibiti da ke kusa. Wanda ya duba shi bai daɗe ba ya fito ya ce sai haƙuri. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Baffa ya buga wa Liman da mazan unguwa waya a fara shiri, ya ce kada a faɗa wa mata sai mun iso.

Aka kwantar da shi a kujerar baya, aka rufe shi da babbar rigarsa. Na zauna a gaba, hularsa a hannuna. Baffa ya tayar da mota, ya ce a kunna fitila. Ya murɗa wannan waifa ta tashi, ya taɓa wancan ruwa ya feso a gilashi. Ya kifa kai a sitiyari ya ce, "Ban san inda yake ba. Ban taɓa kunna ta da kaina ba."

Na miƙa hannu na ɗora hular Kaka a kan idon. Hajiya ta yi jim. Sannan ta kunna.

Daga Maigatari har Gumel motoci suna sauka gefe, masu acaɓa suna tsayawa, mutanen bakin hanya suna ɗaga hannuwa sama. Na tuna yadda ya gyara zama a hanyar Ɗanzomo ya ce har yanzu an san manya. Wannan karon babu kuskure a ciki.

Ashe Gwaggo ta zo daga Ɗanzomo da safen nan duba ƙafar Iya. Tana tsaye a bakin zaure muka shawo kwana. Ta ga fitila, ta hango hula a jikin gilashi, sai ta tuntsire da dariya, ta juya cikin gida tana kira, "Iya, fito ki gani! Baba ya sake ɗora hular nan!"

Tana juyowa ta ga Baffa a sitiyari, ta gan ni a kujerar da Kaka yake zama. Dariyar tana kan fuskarta har muka tsaya.

Allah ya jiƙan Kaka, ya haskaka masa kabarinsa fiye da yadda ya haska wa masu amalanke hanya, ya yafe masa faɗan da ya yi da rediyo da wanda ya yi da ni.

An yi masa sutura bayan la'asar, aka binne shi kafin magariba. Ranar da asibiti suka sa masa ta zo ta wuce. Motar tana rumfa, Baffa ne yake tuƙa ta, hular kuma tana wurina.